Usur ɗin da Ban Busa wa Ɗan Farina Ba

Shekara goma sha huɗu na yi ina alƙalancin wasan ƙwallo a Sabon Birni da ƙauyukan da ke kewaye. Ba da shi nake ci ba. Ni manomi ne, da rani kuma ina gyaran babur a bakin kasuwa. Wani tsohon malaminmu na firamare ne ya koya mini, don shi ya taɓa zuwa Sakkwato aka horar da su. Ya ba ni usur da kati biyu, ja da ruwan ɗorawa, waɗanda ya yanko daga tsofaffin robobi ya goge bakinsu da dutse.

Abin da ya fi nanata mini shi ne sa ƙafa. Ya ce sauran dokoki kowa na iya haddacewa, amma inda mutum biyu suka haɗu a kan ƙwallo ɗaya, nan ake gane rafali. Ya ce kada in kalli wanda ya faɗi, domin wani yakan faɗi ba a taɓa shi ba, wani kuma a kwashe shi ya daure ya tsaya. In kalli ƙafar mai shigowa. Daga gefe ta fito ko daga baya, a ƙasa take tafe ko ta tashi, cikin ƙafa ya kawo ko tafin takalmi mai haƙora. In mutum ya zame daga gefe ya ture ƙwallo, ɗayan ya zo ya yi tuntuɓe da shi, wannan halas ne ko da an yi ta ihu. In ya makara ya sami ƙafa, sakaci ne, a ba da bugu kawai. In ya shigo bai damu da abin da zai sami ɗan'uwansa ba, ganganci ne, a ɗaga ruwan ɗorawa. In kuwa ya bar ƙasa da ƙafa biyu ya afka da dukan nauyinsa, babu shawara, ja ne. Ya kuma gargaɗe ni cewa duk mai tsaron baya, in ya yi ɓarna, abin da zai fara cewa shi ne ai ya taɓa ƙwallo. Ya ce wannan magana ba ta wanke kowa, in dai ƙafar ta zo da abin da zai karya mutum.

Na riƙe wannan sosai. Kafin kowane wasa nakan tara 'yan wasan duka a tsakiyar fili in maimaita musu, har samari suka haddace, suna riga ni faɗa suna dariya.

Ɗana na fari namiji ne. Yadda muka taso muka tarar, mutum ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya ɗaukarsa a gaban jama'a, ba ya yabonsa, ba ya tare masa faɗa. Da aka yaye shi, kakarsa ta wajen uwa ta tafi da shi Isa, can ya girma a gidan kawunnansa. In ya zo gaishe mu, ni dai yaron nan nake ce masa, ko in ce kai. Ya tashi da son ƙwallo, ya zama ɗan gaba a wata ƙungiyar unguwa ta Isa, da ƙafar hagu yake buga. Na sha laɓewa bayan mutane in kalli wasansa. Ya iya ƙwarai. Ban taɓa gaya masa ba.

Wata shekara bayan an gama kaka, samarin garuruwan biyu suka shirya gasa, wasan ƙarshe ya faɗo a filin wata makaranta a Sabon Birni, tsakanin ƙungiyar garinmu da tasu. An yi magana da wani rafali daga Sakkwato, amma a makon nan hanya ba ta da lafiya, bai zo ba. Aka yi ta gardama har rana ta fara sanyi, sannan aka daidaita a kaina. Mutanenmu suka ce ni nasu ne, mutanen Isa suka ce ai ɗana yana cikinsu, ke nan babu wanda zai cutu. Na so in ƙi. Wani abokina mai sayar da fata ya ɗaga murya daga cikin 'yan kallo ya ce:

"Ku ba shi. Yau za mu gani, uba ka busa usur ko rafali."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Surukaina sun zo daga Isa suna zaune a kan benci, abokan mahaifina ma suna nan a gindin darbejiya. Na karɓa.

An dawo daga hutun rabin lokaci kowa na da ci ɗaya. Yaron ya karɓi ƙwallo a gefen hagu, ya wuce mutum ɗaya, ya doshi gida. Mai tsaron bayanmu wani ƙaƙƙarfan saurayi ne ɗan kabu-kabu, ni nake gyara masa babur. Ya taho da gudu daga gefe ta wajen baya, ya bar ƙasa da ƙafa biyu, tafin takalmi a gaba. Bakin takalmi ɗaya ya shafi ƙwallo ta yi gaba, ɗayan ya sauka a ƙaurin yaron. Tsakanina da su bai kai taki goma ba, kuma babu wanda ya tare mini gani. Na ji ƙarar, kamar an karya busasshen karan dawa.

Usur yana bakina, har na ja numfashi. Babu wanda ya ce mini komai a lokacin, ba ni ɗora wa kowa laifi. Ni ne na hango kaina ina gudu da jan kati a hannu, ina tare wa ɗan farina faɗa a gaban surukaina da abokan mahaifina. Sai na miƙa hannu biyu gaba, alamar a ci gaba da wasa. Da ɗan wani ne, da na busa tun bai kai ƙasa ba.

'Yan wasa ne suka tsayar da wasan da kansu. Golanmu ya buga ƙwallo waje, suka ruga wurin yaron. Ni na tsaya daga nesa ina duba agogo. Bai yi kuka ba, yana dai ta dukan yashi da tafin hannu. Wani kawunsa ya riƙe shi a babur suka tafi wurin maɗori, aka sako wani a madadinsa, na ƙarasa wasan. Mai tsaron bayan nan ya buga har ƙarshe, ko gargaɗi bai samu ba.

Da aka tashi dattawa suka yi ta sa mini albarka. Wani ya ce rabonsa da ganin mai kunya irina tun zamanin iyayenmu, an karya ɗan mutum a gabansa ko motsi bai yi ba. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka ladabi ne. Tsohon malamina yana wurin. Ya zo ya ce mini sannu da aiki, ya daɗe yana kallona, ya hau kekensa ya tafi. Har ya bar duniya bai sake yi mini maganar ƙwallo ba.

Sai rana ta uku na je Isa, don tafiya da wuri ma abin magana ne ga uban ɗan fari. Na gaisa da kawunnansa a zaure, na shiga ɗakin na ce ya jiki, ina kallon bango. Ɗorin bai zauna daidai ba. Ya warke da ɗingishi, ya bar ƙwallo, ya kafa tebur a kasuwar Isa yana sayar da takalman roba. Daga baya ya yi aure, ya sami 'ya mace. Ni kuwa na ƙara shekara ɗaya ina busa wasa, na riƙa ba da jan kati a inda ruwan ɗorawa ya isa, har samari suka fara gudun a sa ni. Sai na ajiye usur.

Sau ɗaya ya tambaye ni. Ya zo taya ni girbin gero a gonata ta hanyar Kurawa, mun wuni muna ɗaurin dami, da azahar muka zauna a gindin gawo muna shan fura. Mu biyu ne kawai. Yana kallon cikin ƙwarya ya ce:

"Baba, ran nan ina kake tsaye?"

Na gane ranar da yake nufi. Na ce kusa nake.

"To mi kag gani?"

"Ya taɓa ƙwallo tukuna," na ce.

Ya ce to. Ya shanye furarsa, ya tashi ya ɗauki dami yana jan ƙafa zuwa amalanke. Abin da na faɗa ba ƙarya ba ne, an taɓa ƙwallo. Amma yana cikin waɗanda na tara a tsakiyar fili a ranar wasan na ce musu wannan magana ba ta wanke kowa. Da ita na wanke kaina a gabansa.

Tun daga ranar nake cewa za ni faɗa masa gaskiya. Na ce in ya zo da Salla, ya zo ya koma. Na ce ranar sunan 'yarsa, mutane suka yi yawa. Ban san ta inda ake fara irin wannan magana da ɗan fari ba. Duk rayuwarmu ba mu wuce gaisuwa da zancen gona ba.

A daminar bara zazzaɓi ya kama shi, kwana biyar ya yi. Allah ya jiƙansa.

An yi zaman makoki a ƙofar gidan kawunnansa a Isa. Na zauna a bayan tabarma, su suna gaba suna karɓar gaisuwa, kamar yadda aka saba. A rana ta biyu da hantsi ɗan kabu-kabun nan ya zo tun daga Sabon Birni. Ya ƙara jiki, furfura ta fara fito masa. Ya gaisa da kowa, sannan ya zagayo ya durƙusa a gabana, ya yi mini ta'aziyya. Ya ce akwai abin da yake son in sani. Shekarun baya ya taɓa zuwa teburin marigayi a kasuwa neman gafara, amma marigayi ya ƙi barinsa ya ƙarasa. Marigayi ya ce masa babu abin yafewa, tunda Baba yana kusa kuma bai busa ba, ke nan ba ƙeta ba ce, tsautsayi ne. Har ya ba shi takalmi ya kai wa ɗansa.

Ban shirya yin magana ba. Na ji dai bakina ya ce:

"Ƙeta ce. Da ƙafa biyu ka shigo, kuma na gani sarai. Jan kati ne. Don ɗana ne na ƙi busawa."

Babban kawun marigayi ya juyo ya ce, Malam a bar maganar ga, addu'a yake bukata yanzu. Na ce na ji, amma ina son waɗanda suka yaba mini a ranar su san abin da suka yaba. Biyu daga cikinsu suna zaune a wurin, babu wanda ya ɗago. Ɗan kabu-kabun ya share fuska da hularsa, ya ce shi ma ya san yadda ya shiga, tun kafin ya sauka ƙasa yake jiran kati. Wani malami ya ɗaga hannu aka yi fatiha, aka koma gaishe-gaishe.

Da la'asar na shiga cikin gida wurin uwarsa. Tana zaune a bakin ɗakin tsohuwarta, jikarmu tana barci a cinyarta. Ita ba ta je kallon wasan ba, kuma ba mu taɓa yin zancen ba. Na tsuguna na faɗa mata abin da na faɗa a waje, ban rage komai ba. Ta saurare ni tana kore wa yarinyar ƙuda. Da na gama ta ce ai ta sani tun yana kwance da ɗori, shi ya ba ta labari da bakinsa. Ta so ta yi mini magana a lokacin, ya hana ta.

Na ce me ya ce.

"Ya ce in bar ka, kunya ce, ba ƙi ba. Ya ce in ka shirya kai za ka faɗi da kanka."

Na zauna a ƙasa a wurin har aka kira salla.