Waya Mai Riga

Mun tashi da asuba daga Minna ranar Talata, mu uku a motar ofishin ilimi: direba, da babban mai duba makarantu, da ni. Ni ne ƙaraminsu, ni ne kuma na fi kowa kaya. A kan cinyata na ɗora akwatin katako mai ɗauke da batura sababbi fil, da ƙwayayen tocila, da makunni biyu, da ƙunshin wayar jan ƙarfe mai ƙyalli. Kagara muka nufa, inda aka tara malaman firamare na yankin don in nuna musu yadda ake koya wa yara sha'anin wutar lantarki. Wata uku na yi a Zariya ina koyon wannan, na dawo ina ji da kaina ƙwarai. Kagara kuwa garinmu ne, can iyayena suke, amma ban gaya wa abokan tafiyata ba sai da muka yi nisa.

Bari in faɗi asalin wayar nan tun yanzu, don ita ce ta ja mini. A Zariya da waya mai rigar roba muke aiki, kuma an riga an feƙe mana bakinta. Da na dawo Minna sai na je wurin wani mai gyaran rediyo a bayan tashar jirgi, na ga siririyar waya da ya warware daga cikin wata matacciyar rediyo. Ta burge ni, don tsirara take a idona, na ce malamai za su ga ƙarfen da wuta ke bi muraran. Mutumin ya buɗe baki zai gaya mini wani abu game da ita, na katse shi na ce na sani. Ya dube ni, ya naɗe mini, ya ci gaba da aikinsa.

Ƙarshen damina ne, hanya duk ta ci ruwa. Daga Bosso zuwa Beji direba bai yi tafiyar minti biyar a miƙe ba, sai kauce wa ramuka yake yi, yana zagin manyan motocin da suka haƙa su. Gari na wayewa muka fara cin karo da matan Gbagyi sun ɗauko sabuwar doya a kafaɗa, jere reras, suna gangarowa kasuwa. Direba ya tsaya ya taya tuli guda, aka ce sule biyu, ya ce a Minna ma ba a yi masa wannan wulaƙanci ba. Ya tayar da mota, ya yi ɗan gaba, sai ya dawo da baya ya saya.

A bakin gadar Zungeru sojoji suka tare mu, kamar yadda suke tare kowa tun da aka fara yaƙin basasar nan. Ɗaya ya sa na buɗe akwati. Da ya ga batura da waya sai fuskarsa ta canja.

"Wannan na menene? Kai kana haɗa wani abu?"

Mai duba makarantu ya yi masa bayani a tsanake, ya nuna takarda. Sojan ya ce to a kunna ya gani. Na ce baturan ba a ɓare su ba, na malamai ne, ba na wasa ba. Ya harare ni ya ce mu wuce. Da na bi maganar sojan nan, da a bakin gada asirina ya tonu gaban mutum uku, ba gaban mutum talatin ba.

Muka karya kumallo a tsallake, koko da ƙosai da soyayyen kifi na taro-taro, muna kallon kogin Kaduna ya cika ya yi jajir. Mai duba makarantu dattijo ne mai sanyin magana, tarihi ya karanta, ya ce shi fa har yau bai san bambancin bolt da amfiya ba. Abin nema ya samu. Na nuna masa kogin, na ce gangaren da ke tura ruwan nan shi ne kamar bolt, wato ƙarfin turi. Yawan ruwan da ke wucewa ta ƙarƙashin gada kuwa shi ne kamar amfiya, wato yawan wutar da ke gudana. Batir ɗaya bolt ɗaya da rabi ne, in ka jera biyu kai da gindi sun zama uku, turi ya ƙaru, ƙwai ya ƙara haske. Sai dai wuta ta bambanta da kogi a abu guda: ba ta tafiya sai ta ga hanyar komawa gida. Dole ta fita ta kan batir, ta bi waya, ta ratsa ƙwai, ta zagayo ta shiga ta gindinsa. In hanyar ta yanke ko da faɗin gashi ne, shi ke nan, ta tsaya cak. Ya gyaɗa kai ya ce yau ya gane. Na ji daɗi har kifin ya ƙara mini zaƙi.

Da muka tashi, hanya ta ɗan bi gefen layin dogo, turakun wayar tangarahu suna wuce mu ɗaya bayan ɗaya. Nan na ce ai mahaifina a reluwe ya yi aiki, sashen waya, yanzu ya ajiye ya koma Kagara.

"Ashe gado ka yi," in ji dattijon. "Injiniya ne?"

"Kusan haka, ranka ya daɗe," na ce.

Kusan haka. Baba lebura ne. Shekara ashirin da wani abu yana hawa turakun nan da igiya a ƙugu, yana ɗaure wayar da iska ko birai suka tsinka. Ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko, dangwale yake yi. Da kuɗin hawa turakun aka saya mini allo da wandon makaranta. Na san duk wannan sarai lokacin da nake ba da amsar, bakina bai ko yi nauyi ba.

Muka wuce Tegina ba mu tsaya ba, muka shiga Kagara wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Duwatsun garin suna nan yadda na bar su, dawa ta yi kai a ko'ina. An share babban aji, an jera bencina, malamai sun kai talatin, Musulmi da Kirista, wasu tun jiya suka taso a keke daga ƙauyuka. Har da wanda ya koya mini a aji uku, yana zaune a gaba da littafinsa a buɗe.

Ina cikin fito da kaya sai na hango Baba a bakin ƙofa. Daga gona yake. Tsohuwar rigar kakin reluwe ce a jikinsa, duk faci, da takalmin taya, laka har ƙwauri, ya rungumo gyaɗa a cikin ƙyalle. Wani ne ya gaya masa an ga ɗansa a motar gwamnati. Bai shigo ba, ya tsaya yana murmushi. Mai duba makarantu ya bi idona da kallo ya ce wane ne.

"Wani dattijo ne na unguwarmu," na ce.

Tsakaninmu da ƙofa bai fi taku biyar ba. Baba ya ji. Murmushin bai gushe gaba ɗaya ba, ya dai rage. Ya ajiye ƙyallen gyaɗar a gindin bango, ya tsuguna a wajen taga inda zai riƙa gani.

Na fara darasi. Ba yabon kai ba, bayani ya yi kyau. Na zana da'ira a allo, na maimaita zancen kogi, na ce wuta ba ta tafiya sai ta ga hanyar komawa gida, malamai suna ta rubutawa. Sannan na jera batir biyu kai da gindi, na naɗa wayata a jikin ƙwai, na kai ɗaya bakin ga makunni, na rufe da'irar. Na ce kowa ya zuba ido. Na danna.

Ba komai.

Na sake dannawa. Na canja ƙwai. Na canja batura. Na cire makunni na haɗa kai tsaye. Na ƙara batir na uku, na huɗu. Ƙwan nan ko ƙyaftawa bai yi ba. Gumi ya jiƙa mini riga har ta manne a baya. Wani daga ƙarshen aji ya ce ko wutar ce ba ta saba da Kagara ba, aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ni kuwa sai na koma laifin batura, na ce 'yan kasuwar yanzu ba su da amana, matattu suka sayar mini.

Sai na ji murya daga taga.

"Malam, a ba ni izini in duba?"

Ni ne ɗan farinsa, saboda haka tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "kai" ko "yaron nan". Amma bai taɓa ce mini Malam ba sai ran nan. Ya karɓi matsayin da na ba shi, ya zauna a kai, don kada ya ƙaryata ni a gaban manya.

Mai duba makarantu ya ce, "Shigo, Baba, bismilla."

Baƙo ya kira shi Baba. Ni ina tsaye riƙe da alli.

Ya tuɓe takalmi a ƙofa ya shigo. Ya ciro wani guntun waya daga aljihu, irin wanda ba ya rabuwa da shi, ya danna bakinsa ɗaya a gindin batir, ya kai ɗaya bakin da kan batirin ga harshensa. Wannan ɗabi'a tasa na sha yi mata dariya a gida, ina cewa aikin jahilci ne, akwai agogon awo. Ya ɗan yamutsa fuska.

"Batir lafiya lau. Akwai tsami."

Ya sake gwadawa, wannan karon da tawa wayar. Ya jira. Ya girgiza kai, ya ɗaga ta sama ya duba a hasken taga, ya murza ta da farce.

"Wannan tana da riga, Malam. Ta cikin rediyo ce. Ana shafa mata wani mai ya bushe, don in an naɗe ta kada ta taɓa 'yar'uwarta. Ido ba ya gani. Ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba, ta ina wuta za ta wuce?"

Ya zaro 'yar wuƙarsa ya kankare bakin wayar, wani jan gari ya zubo a tebur, ƙarfen ya fito fes. Ya kankare sauran bakunan, ya ɗaure su da irin ɗaurin da yake yi a kan turke. Bai danna makunnin ba. Ya matsa gefe ya ce in danna. Na danna, ƙwai ya kama.

Malamai suka taso suka kewaye tebur, kowa yana son ya ɗanɗana batir. Wanda ya koya mini a aji uku bai taso ba. Ya san Baba, ya san ni, ya sa kai a littafinsa yana rubutu kawai. Mai duba makarantu ya tambayi Baba inda ya koyi aikin, ya ce a kan turakun reluwe. Ya tambaye shi ko cikin 'ya'yansa akwai wanda ya gaje shi.

"Akwai ɗaya da ya yi boko, yana Minna," in ji Baba. "Ya fi ni sani nesa. Ni hannu kawai gare ni."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ga dama ta samu in ce ni ne, amma na ci gaba da rarraba batura.

Bayan azahar na roƙi rabin awa na je gida a ƙasa. Inna ta amsa gaisuwata tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, na san labari ya riga ni isowa. Baba yana zaure yana wanke ƙafa. Na durƙusa, na fara haɗa magana, ya tare ni da tambayar hanya, da ko gadar Zungeru tana nan lafiya. Da zan tashi ya miƙo mini ƙyallen gyaɗar, ashe ya koma ya ɗauko ta, ya ɗora wuƙar a kai.

"Riƙe wannan. Na ji akwai sauran makarantu a gaba. Ka riƙa kankarewa tun daga gida."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

A hanyar dawowa hadari ya haɗo, direba yana ta sauri don mu tsallake Beji kafin ruwa. Muka wuce Tegina. Nan na tattara abin da ya rage mini na ƙarfin hali na ce, "Ranka ya daɗe, dattijon nan mahaifina ne."

Bai waiwayo ba. Ya ce, "Na sani. Tun yana bakin ƙofa na gane, tsayuwarku ɗaya. Jira nake in ji daga bakinka a can, inda zai ji."

Muka shiga Minna bayan magariba cikin yayyafi, fitilun tashar jirgi suna haske a kan jiƙaƙƙen titi.

An ce in rubuta rahoton tafiya don amfanin 'yan'uwa malamai, to ga shi. Ku gwada kayanku kafin ku tsaya gaban aji. Ku bar mai gyaran rediyo ya ƙarasa maganarsa. Wayar da kuka gani tana ƙyalli, ku kankare bakinta, don sai ƙarfe ya taɓa ƙarfe wuta ke wucewa. Wannan kuwa ba a Zariya na koya ba. Wanda ya koya mini lebura ne na reluwe, mai rigar kaki da takalmin taya, wanda malamai talatin suka gani a Kagara ran Talata. Duk wanda ya halarta ya gyara abin da ya ji na faɗa. Ba dattijon unguwarmu ba ne. Ubana ne.