Lambar da ke Bayan Keke

Mahaifina malamin lissafi ne, kuma ba ya barin lamba ta wuce shi lafiya. Muna yara a Tudun Wada, da mun shiga mota sai ya nuna lambar wadda ke gabanmu ya ce, "Marainiya ce ko mai dangi?" Marainiya a wurinsa ita ce lambar da babu mai raba ta sai ɗaya da ita kanta. Yayyena sukan yi barcin ƙarya. Ni ce sarkin rawar kai, ni kaɗai nake amsawa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana.

Da tsufa ya zo, mantuwa ta biyo shi. Ta fara da makulli, ta ci sunayen maƙwabta, har ta iso kaina. Ya koma gaishe ni kamar baƙuwa. Abin ya hana ni sukuni. Na nuna masa hotuna, na dafa masa faten acca, na yi ta jan shi da hira, duk a banza.

Wata safiya mai sanyi na ɗauke shi a keke mai ƙafa uku za mu asibiti. Wajen Laranto cunkoso ya tsayar da mu. Na leƙa, na gyara zama, na sake leƙawa, har mai keken ya ce, "Madam, yi haƙuri mana, ba ni na tare hanya ba." A nan idona ya faɗa kan lambar da aka rubuta da fenti a bayan keken gabanmu: 8051.

Na juya gare shi na ce, "Baba, marainiya ce ko mai dangi?"

Ya tsura wa lambar ido. Na yi ta gwadawa a zuci. Biyu ba ta raba ta, uku ma haka, biyar ba a magana, bakwai ta ƙi, sha ɗaya ta ƙi. Na ƙagu, na ce, "Marainiya ce."

"Gaggawa aikin shaiɗan," in ji shi, da muryarsa ta aji. "Casa'in sau casa'in, dubu takwas da ɗari. Saura nawa ta kai can?"

"Arba'in da tara."

"Bakwai sau bakwai ke nan. Cire bakwai daga casa'in, ki kuma ƙara bakwai a kan casa'in. Tamanin da uku sau casa'in da bakwai. Tana da dangi, nesa suke zaune."

Daɗi ya kama ni. Na riƙe hannun rigar sanyinsa ina jiran ya ce Uwata.

Ya dube ni da fara'a ya ce, "Baiwar Allah, kina da ƙoƙari. Ina da 'ya mai son lissafi kamarki, sai dai ta daɗe ba ta zo gaishe ni ba. Ko kin san ta?"

Hanya ta buɗe, keke ya tashi. Na ce na san ta, zan gaya mata ta zo.