Kayen da Kilaris Ta Bari a Ƙofarmu

Ranar Alhamis ɗin da ta biyo bayan Babbar Sallah, a shekarar da nake aji uku a kwalej, ina tsakar gidanmu a unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui ina kwashe naman layya daga igiya saboda hadari ya taso daga wajen kogi. Inna ta leƙo daga zaure ta ce ƙawata Kilaris ce a ƙofa, tana nemana. Na ci gaba da zuba nama a ƙwarya kamar ban ji ba. Inna ta ce, "Hauwa'u, baƙo ba ya tsayuwa a ƙofar Musulmi." Na ce mata hannuna da maiƙo.

Kilaris 'yar unguwar Miskine ce, Kirista, benci ɗaya muke zama tun firamare. Idan an tashi makaranta gidanmu take fara biyowa. Mu ja ruwa a rijiya, mu kori kaji daga rogon da Inna ta shanya, mu yi 'yar carafke da tsakuwa har a kira la'asar. Ina salla, ita tana tsare mini takalma don kada 'yan akuya su tauna. Da yaren Sango muke hira, kuma ba ta kirana da sunana sai "ita ti mbi", wato 'yar'uwata.

Ni kuwa kafin in san boko, kakana ya koya mini ajami a kan allo, har hannuna ya fi sauri da shi. Da muka fara Ingilishi sai na ga rubutunsa daban, faɗarsa daban. Na samo dabara: duk kalmar da malam ya furta, in rubuta sautinta da ajami a gefen kayena, littafin da nake kwafar darasi.

Makonni biyu kafin Sallah malam ya koya mana kalmomin Ingilishi uku da ya ce ɗalibai na cakuɗa su. Rekon, in ji shi, ita ce ta mutumin da ya dubi sama ya ce yana jin za a yi ruwa, ƙiyasi ne kawai. Joj ta wanda ya auna magana ya yanke ce. Eksplen kuwa ta wanda ya zauna ya warware maka abu har ka gane. Yakan buga alli a tebur ya ce, "Ta farko kyauta ce, kowa ya yi. Amma kada ku taɓa ta biyu sai kun saurari ta uku." Ya sa kowa ya yi jimloli da sunan abokin zamansa. Na cika shafi biyu da sunan Kilaris, duk da ajami. Ta yi ta dariya, ta sa na nuna mata inda sunanta ya fara da inda ya ƙare. Da ta kwanta zazzaɓi ta rasa darasi, na ba ta aron kayen.

Lokacin zukata sun fara tsami a gari tsakanin Musulmi da Kirista, maƙwabta na gaisawa a taƙaice. Gwaggon Kilaris ta tsinci kayen a jakarta, ta ga rubutun Larabawa. Ta tambaye ta me aka rubuta. Kilaris ba ta iya karanta komai a ciki ba sai abu ɗaya, sai ta nuna da yatsa ta ce ga sunanta nan, ga shi nan kuma, ga shi nan. Gwaggon ta ce asiri aka yi wa yarinyarsu, ta cusa kayen a murhu. Labarin ya riga Kilaris isowa makaranta, kuma a bakin yara ya zama ita ce ta kai ƙarata wajen gwaggon. Ban tambaye ta ba. Na ɗauki jakata na koma bencin baya.

Shi ya sa ranar Alhamis ɗin nan na ƙi fita. Ta tsaya har ruwa ya sauko. Ina jin muryarta ta cikin ƙarar kwanon rufi tana cewa, "Ita ti mbi, fito in faɗa miki yadda aka yi." Na zauna a ɗaki ina ganin na yi daidai. Da ruwa ya ɗauke, Inna ta shigo da sabon kayen da Kilaris ta bari a ƙofa, a naɗe cikin leda, ta ajiye mini a cinya. Na jefa shi ƙasan akwati.

Washegari Kilaris ba ta zo makaranta ba, haka makon da ya biyo baya. Ba a jima ba sai tashin hankalin da kowa ya sani ya auka wa Bangui. Hanyar da muke bi da ƙafa zuwa Miskine ta zama hanyar da ba a bi. Da ƙura ta lafa na je can tare da Baba. Gidansu ba rufi, ciyawa ta kai gwiwa a inda suke girki. Wani ya ce sun haye kogi, wani ya ce sun yi arewa. Kowa ƙiyasi yake yi.

A ranar na buɗe kayen. Kilaris ta kwafe mini, da rubutunta mai kyau, dukan darasin da aka ƙone. A shafin ƙarshe ta zana sunanta da ajami daga ƙwaƙwalwa, ta faro daga hagu, ɗigogin duk sun sauka inda ba nan ba ne. A ƙasa ta bar fili da alamar tambaya. Ina jin nawa sunan take so in koya mata.

Yanzu ina koya wa 'yan matan unguwa ajami bayan la'asar, mafi yawansu Sango ya fi musu sauƙi a baki fiye da Hausa. Kasuwa ta sake cika, masu babur na kai mutum Miskine cikin ɗan lokaci. Nakan sa Kilaris a addu'a, in roƙi Allah Ya tsare ta inda take, Ya yafe mini. Gwaggonta dai ba ta san ni ba. Ni na san Kilaris, kuma ta zo har ƙofa.