Na Ƙwace Layin Abokina, Masu Shaguna Suka Bi Shi

A lokacin ina aiki da wani kamfanin man girki a Doka, mu ne masu kai kaya shaguna. Ni mutum ne mai son a yaba min, ban kuwa iya ɓoyewa ba. Akwai abokin aikina, Bakatsine, wanda ke riƙe da layin Rigasa, wato shi ke kai wa shagunan unguwar kaya. Ba suna, ba ɗaurin aure, ba ta'aziyyar mai shago da za ta wuce shi. In muka shiga kasuwa tare, shi ake jawo wa benci a kawo ruwa, ni kuwa a miƙo min hannu ana kallon wani wuri. Wallahi abin yana ci na a rai. Har manaja in zai ba da misali, sunansa yake kira.

Da ƙyashi ya ishe ni, sai na samu manaja na ce mutumin nan yawon zumunci yake yi da motar kamfani. Ban yi ƙarya ba, amma na san abin da nake nufi. Aka sallame shi, aka ba ni layin. Na shiga Rigasa ina hura hanci, sai na tarar kowa shi yake tambaya. Wani dattijo ya ce min su ba su san kamfani ba, wanda ya riƙe musu makara suka sani. In ya ce mai na da kyau, to na da kyau. Da abokin nawa ya koma wani kamfani a Katabu, suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Layin ya mutu a hannuna, ni ma aka sallame ni.

Ina zaune a gida sai ga shi da ledar lemo. Ya ce in kwantar da hankalina, ya riga ya tsaya min a wurin ogansa, ya gaya masa ni amintacce ne. Yanzu a ƙarƙashinsa nake aiki, kuma har yau bai san ni ne ba.

'Yan'uwa, layi da mota ana iya ƙwace su, yardar mutane kuwa mai ita take bi. Ku yi hattara da zuciya. Ni dai ku sa ni a addu'a, don ko wannan kirkin nasa, wata rana ƙyashinsa nake ji.