Mai Zawarcin Sauro

Daga ƙofar shagonta, tela tana kallon wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare, tsugune bakin kwata, riƙe da ɗan akwati kamar gidan sabulu. Duk ƙwaron da ya gifta ta cikin hasken da akwatin ke fitarwa, akwatin yana gane shi daga kaɗa fiffike, sunansa ya fito a wayar dattijon.

Ya naɗe hannun riga yana lallashi: "Biyo ta nan mana, 'yar albarka."

Tela tana zaton zazzaɓi ya taɓa kwantar masa da jika, shi ya sa yake farautar sauro. Can macen sauro ta sauka a hannunta, ta make ta.

Dattijon ya dafe kai. "Ƙanwata, tun safe nake zawarcinta."