Malam Sai-dai da Ƙararrawar Horo

Maigidana malamin adabi ne a makarantar sakandare, kuma ɗalibansa ne suka raɗa masa suna Malam Sai-dai. Wallahi ba su zalunce shi ba. Bawan Allahn nan bai taɓa faɗin magana ya bar ta ta tsaya da ƙafarta ba. Ka tambaye shi ko za a yi ruwa, ya ce alamu sun nuna haka, sai dai akwai masu ganin akasin hakan. Ranar da ya ce yana sona ma, sai da ya ƙara da cewa sai dai masana sun yi saɓani a kan ma'anar so. Ni kuma da ƙuruciya na ɗauka zurfin ilimi ne.

Ciwon ya yi tsanani da ya shiga karatun digirin dakta. Bincikensa a kan waƙoƙin reno ne, irin waɗanda uwa ke yi wa jariri ya yi barci. Da ya fara, 'yarmu ta fari tana goye. Yanzu ita ke goya ƙanenta, binciken kuwa ko rarrafe bai fara ba. Teburin cin abincinmu ya koma mazaunin littattafai, mu kuma muka koma tabarma. In na ce, "Malam, me ka gano ne a duk shekarun nan?" sai ya cire tabarau ya goge, ya ce tambayar tana da fuskoki.

To, ran nan Farfesan da ke duba aikinsa ya ce shi fa a ƙarshen shekara zai yi ritaya. Jami'a ta shirya wa masu digirin dakta horon koyon bayani a gaban jama'a, kuma duk wanda bai haye ba, ba za a sa masa hannu ya kare aikinsa ba. In Farfesa ya tafi bai sa hannu ba, sabon mai dubawa zai mayar da Malam babi na ɗaya. Da na ji haka na ce inna lillahi, ashe a tabarma za mu tsufa.

Mai horarwar wata matashiya ce mai fara'a, amma tana da wata 'yar ƙararrawa ta tebur. Ƙa'idarta ita ce ka faɗi abin da ka gano a taƙaice, da zarar ka fara kame-kame ko jero sunayen masana, ta buga. Ranar farko Malam ya dawo gida yana cewa kunnensa na ƙara. Ya miƙo mini murfin tukunya da ludayi ya ce in taya shi gwaji. Kai, na more! Shekara da shekaru ina neman wannan damar. Yana cewa "sai dai", in kwaɗa. Ya ce "a wani ƙaulin", in kwaɗa. Har maƙwabciya ta leƙo ta ce ko maciji ne ya shigo. Murfin nan ya lotse, Malam bai gyaru ba.

Ranar ƙarshe aka ce kowa ya zo da mutum ɗaya daga gida wanda ba ɗan jami'a ba. In baƙon ya iya maimaita abin da aka gano, an haye. Ni aka ɗauko. Ɗakin taron cike da fararen kujerun roba, fanka ɗaya na juyi ɗaya ta mutu, Farfesa yana gaba yana gyangyaɗi. Wani mai nazarin falsafa ya zo da surukinsa, tsohon ya saurara tsaf ya ce shi dai abin da ya fahimta shi ne yaron nan ba shi da tabbas ko shi kansa yana nan a duniya.

Aka kira Malam. Ya tashi, ya buɗe hannuwa kamar yadda aka koya masa, ya zuba wa mutane ido har wata ta gyara mayafi.

"Waƙar reno," in ji shi, "waƙa ce, sai dai..."

Ƙararrawa.

"Masana da dama..."

Ƙararrawa.

Zufa ta jiƙa masa riga. Ni kuwa tausayinsa ya kama ni, don na san wahalar da mutumin nan ya sha. Ana cikin haka jaririn wata ɗaliba a baya ya tsala kuka. Uwar ta jijjiga, ta fita, ta dawo, a banza. Malam ya yi tsaye yana kallonsu, sai kawai ya bar gaban allo ya tafi wurinsu, ya sunkuya, ya fara rera waƙa da wannan muryar tasa mai kama da ƙofar da ba a sa wa mai ba:

"Yi barci ɗan lele, babanka yana ɗaki amma ya yi nisa, ni da kai muke gadin gida."

Waƙata ce! Ni na ƙaga ta ina reno, lokacin da nake zaton hankalinsa na cikin littafi.

Jaririn ya yi tsit, ina jin mamaki ne ya kama shi. Malam ya ɗago ya ce wa uwar, ya manta sam da taro, "Kin gani? Rabin waƙar ne na yaro. Sauran rabin uwa ce ke faɗin abin da ke cinta, don ta san jariri ba ya kai ƙara."

Hannun mai horarwa yana kan ƙararrawa, amma ba ta buga ba. Ta juyo gare ni ta ce, "Hajiya, me maigidanki ya gano?"

Na ce, "Ya gano mace in ta rasa wanda za ta gaya wa, sai ta gaya wa goyonta."

Farfesa ya farka ya ce a ba shi biro ya sa hannu.

Muka kama hanyar gida har muka wuce shagon mai faci. Sannan na ce, "Malam, ashe kana ji?"

"Ina ji. Babi na huɗu kusan duk ke ce. Na sakaya sunanki."

"Ka ji, ka rubuta, ka sa lamba a ƙasan shafi, amma ba ka fito daga ɗakin ba?"

Ya cire tabarau. Na jira fuskokin tambaya, har hannuna na neman ludayi.

"Ban kyauta ba," ya ce.

"Sai dai?"

"Babu sai dai."

Da muka isa gida, tun bai cire takalmi ba ya fara kwashe littattafai daga kan teburin.