Watan da Haladu Ya Ce Bai Gani Ba

A wani ƙauye a gindin duwatsun Roni, zamanin da labari ke tafiya da ƙafa, an yi wani mai tufkar igiya, Haladu. Igiyarsa dai ba ta fi ta kowa ba, gaskiya. Idonsa ne abin magana. Duk ƙarshen wata, da la'asar sakaliya, sai ya ajiye rama ya hau dutse, kuma tun yana saurayi ba a taɓa riga shi ganin jinjirin wata ba. In ya ce wata ya tsaya, liman ya sami mutum na biyu ya shaida, dagaci ya tashi ɗan aike.

Shi a wurinsa wata maraƙin duniya ne. Haka yake gaya wa Fulanin da ke zuwa sayen igiya: ɗaure yake a turken da ba a gani, ya zaga, ya cika, ya rame, ya ɓuya ya dawo, kuma bai taɓa juya mana ƙeya ba, fuskar nan guda ce kullum. Yana faɗa yana shafa gemu, sai ka ce shi ya tufka igiyar.

Ana nan sai ga Dunoma, wani Babarbare mai fataucin kanwa, ya zo ya kama gida a unguwar. Mutum ne mai ladabi, ba ya wuce Haladu bai rusuna ba. To, watan Sha'aban Dunoma ya riga Haladu gani. Na azumi ma haka. Tun daga nan tuwo ya daina yi wa Haladu daɗi. Kishi ne tsagwaronsa, ba wani abu ba. Ya riƙa zagaya gidan Dunoma ba gaira ba dalili, yana tambayar maƙwabta wane irin kwalli mutumin yake sawa.

Matarsa Tasalla ta ce, "Malam, watan nan fa na Allah ne, ba gadon gidanku ba."

Ya ce, "Mutumin da ya zo jiya? Ko sunan dutsen bai sani ba."

Ranar duban watan Sallah gajimare ya rufe yamma, mutane suka zauna gida jiran buɗa-baki. Haladu da Dunoma kaɗai suka hau dutsen. Da rana ta faɗi gajimaren ya ɗan tsage, Dunoma ya miƙa hannu.

"Baba, ga shi can, bisa kan giginyar nan."

Haladu ya duba. Ya gan shi kuwa, siriri, sarai, kafin wurin ya sake rufewa. Amma dai an riga shi.

Liman na jiran su a gindin dutse. Ya ce, "Malam Haladu, Dunoma ya ce ya gani. Ka san shaidar mutum ɗaya ba ta sauke azumi. Kai fa?"

Haladu ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ban ga komai ba."

Dunoma ya dube shi, ya sunkuyar da kai. Gari ya tashi da azumi. Sai da rana ta take ɗan aike ya iso daga Kazaure, wai an ga wata, tun da hantsi aka sauko Idi a can. Mata suka shiga fafutukar hura wuta, tsofaffi suka sha ruwa da tsakar rana suna salati.

Haladu ya zauna a zaure yana jiran a zo a ce masa maƙaryaci. Ba wanda ya ce. Liman ne ya zo da kansa, ya dafa kafaɗarsa.

"Kada ka sa a ranka. Ido ba ya dawwama. Ka yi wa garin nan aiki, yanzu ka huta da hawan dutse."

Me zai ce? In ya ce ya gani, ya amsa ke nan cewa ya yi ƙarya a kan azumin jama'a. Ya yi shiru, shirun ya zame masa makanta. Tasalla ta nemo masa maganin ido. Masu sayen igiya suka koma gaya masa sunayensu kafin su gaisa.

Ya daɗe a duniya bayan haka, idonsa garau. Duk ƙarshen wata yana zaune a ƙofar gida, sau da yawa ma yakan hango jinjirin tun Dunoma bai ɗaga hannu a kan dutse ba. Sai mai wucewa ya tsaya, ya rusuna, ya ce, "Baba, an ga wata."

Shi kuma ya ce, "To, madalla."